Kalmar "Tremendous": Daga Karkarwa Zuwa Yabo

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, na ji mai sharhin ƙwallon ƙafa ya yabi wani bugu da kalmar tremendous, alhali ƙamus ya nuna mini tana da alaƙa da rawar jiki don tsoro. Me ya haɗa kifi da kaska?"

Ƙamus ɗinka bai ɓatar da kai ba. Kalmar ta fito ne daga tremendus ta harshen Latin, wadda aka ƙera daga aikatau tremere, wato yin karkarwa, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da ya isa a yi makyarkyata a gabansa. Daga wannan saiwa Ingilishi ya samu tremble da tremor. Lokacin da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, ana siffanta abu mai razanarwa da ita ne, irin su aradu ko girgizar ƙasa, amma zuwa ƙarni na 19 tsoron ya zube, girman kaɗai ya rage, har aka wayi gari ana yabon nasara ko ƙoƙari da ita. Haka terrific ta yi, ita ma daga firgici ta koma yabo, yayin da 'yar'uwarta terrible ta tsaya a kan muninta.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma hanyar da muka bi ke nan. Mutum zai kurɓi miya, ya lumshe ido, ya ce ta yi masifar daɗi. Wani ya ce amarya tana da bala'in kyau, ko doki yana da mugun gudu. Masifa da bala'i daga Larabci muka aro su da ma'anar jarrabawa da musiba, sai baki ya mayar da su ma'aunin tsanani. Har yanzu akwai dattawan da ke tsawatarwa idan sun ji an jingina ni'imar Allah da masifa, kuma a ganina suna da hujja.

Sai dai a wajen fassara ka kiyaye. Tremendous tana shiga rubutun hukuma ba tare da an ɗaga gira ba, amma "bala'in kyau" maganar hira ce. Idan ka ci karo da ita a rahoto ko jawabi, gagarumi ko ƙasaitacce ne suka fi dacewa, kamar a ce gagarumar nasara. Mai sharhin naka kuwa cewa ya yi bugun ya ƙayatar matuƙa.