Yaya zan koyar da ɗa'ar kasuwanci ba tare da darasin ya koma wa'azi ba?

Tambaya: Malam, ina koyar da ɗa'ar kasuwanci ga 'yan aji uku a jami'a. Suna haddace ma'anoni su ci jarrabawa, amma da na tambaye su me za su yi in su ne shugaban kamfani, sai su ce "gaskiya za mu yi", shi ke nan. Ina mafita?

Amsa: Malam, ai faɗar "gaskiya za mu yi" a aji ba ta cin ko sisi. Ka sa mata farashi.

Ɗauki batun maganin Tylenol na kamfanin Johnson & Johnson. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago ta Amurka, bayan wani ya zuba guba a cikin ƙwayoyin. Ka tsaya nan, kada ka faɗi ƙarshen labarin. Ka raba musu kujeru: wannan shugaba, wancan ma'aji, ga lauya, ga wakilin masu hannun jari. Ba a san inda gubar ta shiga ba, 'yan jarida na bakin ƙofa, janye maganin daga kasuwa kuma zai ci kusan dala miliyan 100. Ka ba su minti 20. Za ka ga mai cewa gaskiya ɗazu ya fara lissafin a janye na Chicago kaɗai.

Sai sun yanke hukunci za ka gaya musu cewa shugaban kamfanin, James Burke, ya sa an janye kwalba kusan miliyan 31 a faɗin ƙasar, kasuwarsu kuma ta farfaɗo daga baya.

Amma fa labarin nan yana da tarko. Ɗalibi zai ɗauka duk wanda ya yi daidai riba ke jiransa, alhali ba kullum ba.

Shi ya sa nake so ka biyo da na gida: gwajin maganin Trovan da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. A nan ka ƙara kujerar uban yaro, wanda bai iya karanta takardar da aka miƙa masa ba.

Wajen ba da maki, kada ka duba ko zaɓinsu ya zo ɗaya da naka. Duba ko sun ambaci wanda zai cutu, da hujjar da za su iya maimaitawa a gabansa.