Shan Romo Yana Rage Kiba?

Tambaya: Anti dan Allah wai da gaske ne in mutum yana shan romo kullum kiba zata ragu? Tumbina yaki sauka wallahi.

Amsa: 'Yar uwa romon ba narkar da kitse yake ba, ciki yake cikawa saboda ruwa ne yafi yawa a ciki, in kika sha kwano daya kafin abinci sai kiga baki ci da yawa ba. Amma fa ki rage mai, giram 1 na mai kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 9 ne, na sitaci 4 kacal. Ki zuba ganye da wake ko kifi don ya rike ki, ruwa zalla yunwa zata dawo da wuri. Na gwangwani kuwa gishiri ne jibge, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) tace kar akai giram 5 a rana.