Amsa: ƙarfe mai huji-huji a ciki ba algus ba ne

Ɗan'uwa, ka ce ka ga ƙarfen mota an yanka shi, cikinsa huji-huji kamar burodi, kana tambaya ko algus ne. A'a, da gangan ake yi. Alminiyom ake narkarwa, a wajen digiri 660, a zuba masa hodar da ke sakin iskar haidurojin, ya kumbura kamar ƙullin fanke. In ya daskare sai a kafa shi a tsakiyar mazubi, a kwarara narkakken ƙarfe a kewaye. Yashin da aka saba sawa a tsakiyar mazubi kakkaɓe shi ake yi bayan zubi, wannan kumburarren alminiyom kuwa yana nan ciki, yana shanye bugu da jijjiga, ga rashin nauyi.

Mu masu gyara a nan Jidda, abin da ke damunmu shi ne wahalar yi masa walda. In ya tsage, sai canji.