Ni nas ne a Kumasi, ya halatta in tafi aiki Ingila in bar mahaifiyata?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni nas ne, a Aboabo nake zaune, shekarata 34, shekara bakwai kenan ina aiki a wani asibitin gwamnati. Wallahi Malam albashin baya kai mu ashirin ga wata, mai gidan haya yana neman hayar shekara biyu a dunƙule, ga makarantar yara uku, ga maganin Hajiyata mai ciwon suga wadda ni nake mata allura safe da yamma tunda babanmu ya rasu. Na ci jarrabawar turanci da ta kwamfuta, saura in samu asibitin da zai ɗauke ni a Ingila. Amma wani ɗan uwa a masallacinmu ya ce zama a ƙasar kafirai haramun ne, har ya kawo hadisi. Kuma ejan ɗin da nake bi ya ce zai ƙara min shekara biyu a takardar ƙwarewa don a fi saurin ɗaukata. Sannan gwamnati ta bani hutun karatu da albashi, na sa hannu zan yi mata aiki bayan na gama, saura shekara ɗaya. Hajiya ta ce in tafi amma naga tana share hawaye. Dan Allah mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sayi tikiti, da yawa sai sun sauka can sannan suke kira suna neman a halatta musu abinda suka riga suka aikata. Ita tafiyar kanta halal ce, wannan ba shine yake damuna ba a tambayarka. Abinda yake damuna mutanen da zaka bari ne da kuma hanyar da zaka bi.

Mu fara da maganar ɗan uwan nan na masallaci. Allah yana cewa a Suratul Mulk aya ta 15 ku yi tafiya a sassan ƙasa ku ci daga arzikinsa, a ƙarshen Suratul Muzzammil kuma ya ambaci masu yawo a bayan ƙasa suna neman falalar Allah a jere da masu yaƙi saboda Allah, ya sassauta musu tsayuwar dare gaba ɗaya. Hadisin da ya kawo maka na san shi, wanda Annabi (SAW) ya ce ya barranta daga duk musulmin da yake zaune a tsakiyar mushrikai, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, kuma Tirmizi da kansa ya naƙalto daga Bukhari cewa abinda ya inganta shine hadisin mursali ne, wato babu sahabi a isnadinsa. Ko da mun karɓe shi, sababinsa sananne ne, wasu musulmi ne suna zaune cikin mutanen da ake yaƙi da su, rundunar musulmi ta kai hari aka kashe su ba a gane su ba. Ka haɗa shi da hijirar Habasha, Annabi (SAW) da kansa ya tura sahabbai ƙasar sarki kirista saboda ba a zaluntar kowa a wajensa, kuma Ja'afar bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira lokacin Khaibar, kenan Madina ta kafu shekara da shekaru suna can ba a ce musu sun yi saɓo ba.

Bazan ɓoye maka ba, malamanmu na Malikiyya sun tsananta a wannan babi. A Risala da muka karanta a zaure muna yara an ce makaruhi ne tafiya fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da kuma ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na baƙar fata, domin a zamanin mai littafin musulunci bai yi ƙarfi a nan ba, ana tsoron mutum ya je a gudanar masa da hukuncin kafirci ko a hana shi sallah. Toh ka gani, dalilin hukuncin shine tsoro ga addini. Da 'yan kasuwar wancan zamani duk sun ƙi ketare sahara da ta ina musulunci zai iso mana? Mu kanmu da muke Kumasi sunan unguwanninmu ma zango, masaukin fatake. Kakanninmu daga Kano da Katsina da Borno suka biyo hanyar goro ta Salaga, suka zauna ƙarƙashin sarkin Asante wanda ba musulmi ba, tun zamanin sarki Osei Bonsu akwai malamai musulmi a Kumasi suna rubuce-rubuce a fada. Yau ma ƙidayar 2021 ta nuna musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a Ghana. In dai zama a inda musulmi basu da rinjaye haramun ne kai tsaye, shi mai maganar ya fara haɗa kayansa daga Aboabo. Sharaɗin da malamai suka kafa shine mutum ya iya bayyana addininsa kuma ya amince wa kansa da iyalinsa daga fitina, a Birmingham da Manchester da Landan kuwa akwai masallatai da naman halal da makarantun islamiyya. Sai dai ba kowane gari ba, wani asibitin yana ƙauyen da babu masallaci kusa, don haka ka duba garin kafin ka karɓi aikin, musamman in yara zasu biyo ka.

Maganar ejan gajeriya ce, haramun ne. Wanda ya yi mana algus baya cikinmu, hadisin yana Muslim, kuma bai halatta a ha'inci kafiri ba kamar yadda bai halatta a ha'inci musulmi ba. A aikinka ma abin ya fi muni domin takardar ƙwarewa ita zata sa a damƙa maka ran mutum. Shekara bakwai gareka na gaskiya, me kake nema da ƙarin biyu na ƙarya? Ramin ƙarya ƙurarre ne, a 2023 hukumar nas-nas ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, ɗaruruwan mutane abin ya shafa, wasu har sun fara aiki can aka dawo kansu da bincike. Takardar bogi tana iya jawo a hana ka shiga ƙasar har shekara 10. Kuma ka sani dokarsu ta hana a karɓi kuɗi wajen ma'aikaci don a nema masa aiki, duk konekshan man ɗin da ya ce ka kawo dubban fam ya sayar maka da takardar ɗaukar nauyi, ka riƙe kuɗinka. Mutane nawa suka sayar da fili suka ci bashi suka je a matsayin masu kula da tsofaffi suka tarar babu aikin. Kai da kake da rajista zaka iya neman aiki kai tsaye da kanka ba sai da ɗan tsakiya ba.

Alkawarin gwamnati kuma, Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da cewa ya ku waɗanda suka yi imani ku cika alkawura, Annabi (SAW) ya ce musulmi suna kan sharuɗɗansu. Na san abinda matasa ke cewa, ai gwamnatin ma bata cika nata ba, ana gama makaranta a zauna gida shekaru ana jiran fostin, alawus sai an yi yajin aiki, hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disambar 2022 albashi ya zama ruwa. Duk gaskiya ne kuma zalunci ne, ni ma ina faɗa a mumbari. Amma kuɗin da aka biya ka kana karatu ba na minista bane, harajin mai sayar da koko da ƙosai ne da kayayo da ke ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia. Ko ka cika shekarar nan ɗaya, ko ka je ofis a lissafa maka abinda yarjejeniyar ta ce ka biya ka karɓi takardar sallama. Guduwa da dare bata halatta ba. Ni shawarata ka cika shekarar, domin kana buƙatarta ma saboda abinda zan faɗa yanzu.

Hajiya. Nan ne nauyin tambayar yake. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi iyayenka suna raye? ya ce eh, ya ce to a cikinsu zaka yi jihadinka, Bukhari da Muslim suka ruwaito. A wata ruwayar mutum ya ce na zo in yi maka mubaya'a kan hijira na baro iyayena suna kuka, aka ce masa koma ka sa su dariya kamar yadda ka sa su kuka. In jihadi da hijira aka mayar da mutum saboda hawayen iyaye, ina ga neman fam? Malamai sun bambance, in tafiyar neman abin masarufi ce wadda ta zama dole kuma babu hatsari a cikinta, kuma iyayen bazasu tozarta ba, ba lallai sai da izininsu ba, amma in tafiyarka zata bar su babu mai kula da su to haramun ce ko da sun ce ka tafi. Uwa Bahaushiya kuwa ka santa, kunya da kawaici bazasu barta ta ce kar ka tafi ba, zata ce Allah ya bada sa'a ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Saboda haka "je ka" ɗin nan da ta faɗa bai ishe ni hujja ba tukuna.

Bara na raka wani ɗalibina gaida mahaifiyar abokinsa a nan cikin zango, ɗanta yana aburociri, wato ƙasar waje, shekara biyar, duk wata kuɗi na shigowa ta waya, an sa mata tayil a ɗaki an saya mata firij da babbar talabijin. Muka tarar da ita zaune a bakin gado da ledar magunguna a cinya, ta miƙo min ta ce Malam duba min wanne ne na safe wanne ne na dare, yarinyar da ke karanta min ta tafi makaranta. Magani ɗaya kwanan watansa ya wuce da wata huɗu. Na fito gidan nan ƙirjina a cushe. Kuɗi yana sayen insulin amma wani ne zai ɗaga riga ya yi allurar, ya duba ƙafarta ko akwai ciwon da bata ji ba, kai nas ne ka fi ni sanin yadda ƙaramin rauni a yatsan mai suga yake ƙarewa.

To abinda zaka yi a shekarar nan da ta rage maka, ka zaunar da 'yan uwanka a fito da mutum ɗaya takamaimai, da sunansa, wanda zai kwana gida ɗaya da ita, ka koya masa allurar da awon suga da alamun faɗuwarsa har hannunsa ya faɗa kana kallo, ka sabunta mata katin inshorar lafiya, ka haɗa ta da abokin aikinka da zai riƙa leƙowa. Sannan ka tura wata ƙanwarta ko aminiyarta ta tambaye ta bayan idonka, abinda ta faɗa musu shine ainihin ra'ayinta. In an samu wannan kuma ta yarda da zuciya ɗaya, ka tafi babu laifi a kanka, kuɗin da zaka turo mata ma biyayya ce. In ba a samu ba, zamanka wajibi ne har Allah ya kawo mafita, kuma wallahi ba asara ka yi ba.

Baka ambaci matarka ba sai ni in ambace ta, domin ita ma tana da haƙƙi kuma ba ci da sha kaɗai ba. Sayyidina Umar ya ji wata mata da dare tana kukan kewar mijinta da ke wajen yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon da mace zata iya haƙuri, daga nan ya iyakance wa mayaƙa kar su wuce wata shida, Imamu Ahmad ma da wannan ya yi riƙo. Fiye da haka sai da yardarta. Kullum muna zaman sulhu a kan auren boga, wato auren mazaunin ƙasar waje, miji shekara huɗu bai zo ba, mace tana tsakanin aure da zawarci, shi kuma can Allah kaɗai ya san halin da yake ciki. A Maris 2024 Ingila ta hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyali, amma nas mai rajista wannan hanin bai hau kansa ba. Dokokin suna yawan juyawa, ka karanta na ranar da kanka kafin ka biya ko sidi ɗaya. Ka shirya ko su biyo ka da wuri ko ka riƙa zuwa, ku yi maganar a fili da ita tun yanzu.

Akwai wani abu da nake jin nauyinsa ko da bazan mayar da shi haramci a kanka ba. Jinya da likitanci farilla ce ta kifaya, in garin ya rasa masu yi kowa ya shiga laifi. Hukumar lafiya ta duniya ta sa Ghana cikin jerin ƙasashen da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci har bai kamata a zo ana kwasarsu ba, amma a 2022 kaɗai nas 'yan Ghana sama da 1,200 suka shiga rajistar Ingila, kuma ƙwararrun ne ke tafiya, masu koya wa na baya. Tsohuwar zango da bata jin turanci bata jin Twi sosai, in ta shiga asibiti ta ji nas ya ce "sannu Hajiya, ina ke miki ciwo" rabin ciwon ya tafi. Babban alhakin yana wuyan masu mulki da suka kasa riƙe ku, ba a ce kai kaɗai ka ɗauki nauyin ƙasa yaranka na kwana da yunwa ba. Sai dai in kai kaɗai ne mai wata ƙwarewa a sashenku wadda tafiyarka zata jawo asarar rai, to ta zama farilla a kanka ka horar da wani kafin ka fita. Kuma ka tafi da niyyar dawowa da ilimin da ka ƙaro.

In Allah ya kai ka, aikin awa goma sha biyu ne galibi, lokacin sanyi kuma azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna. Ka nemi minti biyar ka yi kowace a lokacinta, ranar da mara lafiya ya riƙe ka da gaske ka haɗa azahar da la'asar ko magariba da isha bisa hadisin Ibn Abbas da ke Muslim, amma kar ya zama al'ada. Juma'a ka nemi a gyara maka jadawali tun farko, ranar da ta faɗo kana kan mara lafiyan da babu mai karɓarka kana da uzuri, Ibn Umar ya bar juma'a ya tafi wajen Sa'idu bn Zaid da aka ce masa yana jinya, sai ka yi azahar raka'a huɗu. Taɓa mace don magani ya halatta gwargwadon buƙata, ka sa safar hannu, ka nemi abokiyar aiki ta tsaya in za a buɗe al'aura.

Wallahu a'alam.