Wane ne zai sake koya wa mahaifinki cin abinci da hannunsa?

Kin tambaya game da ƙwararren da likita ya ce ki nema wa mahaifinki bayan shanyewar ɓarin jiki, da kuma inda ake samunsa. Allah ya ba shi lafiya.

Sunan fannin, okupeshinal tarapi, yana rikita mutane, har wasu kan zaci sama wa mutum sana'a ake nufi, alhali abin da ya ƙunsa shi ne hidimomin da mutum ke yi wa kansa daga safe zuwa dare, kamar wanka da sa tufafi da cin abinci. Likitan gashin ƙashi ya fi mayar da hankali kan ƙarfin gaɓoɓi da tafiya. Shi kuwa wannan zai zauna ya lura da yadda mahaifinki ke kai cokali baki, in ya ga yatsun ba sa damƙewa sai ya ƙara wa mariƙin kauri, ya kuma koya masa fara zura hannun da ya shanye cikin riga kafin mai lafiyar. Yakan duba banɗaki ma, ya nuna inda ya kamata a kafa abin dafawa.

Ki fara da neman takardar turawa daga likitan, sannan ki tuntuɓi sashen farfaɗo da majinyata a babban asibiti ko asibitin koyarwa. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, WFOT, wadda aka kafa a 1952, tana da jerin ƙungiyoyin ƙasashe a shafinta. Idan kin sami ƙwararren, ki nemi ganin lasisinsa, ki kuma tambaya ko ya saba da masu shanyewar jiki, domin wasunsu kan yara ko masu lalurar ƙwaƙwalwa suka ƙware.