Gidan haya ya addabi unguwa: me majalisar gari za ta iya yi?

Ka tambayi yadda za ku sa majalisar gari ta ɗauki mataki kan gidan haya da mai shi ya yi watsi da shi, shara ta taru, rufi yana yoyo.

Majalisa ba ta korar ɗan haya, wannan hurumin kotu ne. Ikonta yana kan dokokin gini da tsafta, don haka ku gina ƙorafinku a kansu. Ku rubuta adireshin gidan, ku haɗa hotuna masu kwanan wata, ku miƙa wa sashen duba gine-gine, ku karɓi lambar shaida. Jami'i zai zo ya duba, ya ba mai gida takardar gargaɗi da wa'adin gyara. Ba a cin mai gida tara sai wa'adin ya cika bai gyara ba.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne ƙorafi kan halin 'yan haya. Jami'i ba ya rubuta "ba su da kirki", abin da idonsa ya gani yake rubutawa.

In aka yi shiru, ku je zaman majalisa da lambar nan. Lokacin magana kaɗan ne, gara mutum ɗaya ya yi bayani, sauran su sa hannu.