Amsa ga mai tambaya kan ƙaramar laimar kwaɗi a dajin Suwidin

Ɗan'uwa ka ce ka tsinci wata 'yar laimar kwaɗi ruwan ƙasa-ƙasa a dajin Suwidin, ko ana ci. Don Allah kar ka kai ta baki, yadda ka kwatanta ta nafi zargin dangin Cortinarius ce.

Duba ƙananan da basu gama buɗewa ba, zaka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo-gizo daga bakin hular zuwa sandar, in ta girma zaren ya tsinke sai ya bar alama a jikin sandar. Ka yanke hular ka kife kan farar takarda ta kwana, garin da zai zubo launin tsatsa ne. Suna fitowa ne ƙarshen bazara zuwa kaka, a ƙasa mai danshi da gansakuka, gindin itatuwan fayin (pine, masu ganye kamar allura), don saiwoyin bishiyar suke rayuwa da su.

Abin tsoron a cikin dangin nan shine wata mai suna Cortinarius rubellus, gubarta ƙoda take kashewa, dafuwa bata kashe gubar, kuma mutum zai iya kwana uku ko ma sati biyu lafiyarsa ƙalau kafin ciwo ya taso. A Foland a 1952 'yar uwarta orellanus ta kwantar da mutum 102, 11 suka rasu. In har wani ya riga ya ci, ku tafi asibiti yau, ku riƙe ragowar ku nuna wa likita.